Ta Rasu A Aji Biyu, Ta Ci Jarrabawar Aji Huɗu

Ranar Litinin da hantsi wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da waya da hannu biyu, kamar mai tsoron kada ta zube. Akwai farin zare maƙale a gefen mayafinta. Sufeto na ciki yana fama da rahoto a kwamfuta da yatsa ɗaya, sai ya ji tana ce wa Sajan ƙarar satar suna ta kawo.

"Sunan wa aka sace?" in ji Sajan, yana danne dariya.

"Na 'yata. Shekararta biyu a ƙasa."

Sufeto ya ture kwamfutar gefe ya ce a shigo da ita.

Mai ɗinki ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya ya bar mata, wadda take kira Kurciya saboda 'yar waƙar da take yi a maƙoshi in tana karatu. Da keken ɗinki ta kai ta jami'a, sashen harhaɗa magunguna. Tana aji biyu zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana biyar ta cika.

Jiya wata malamar makaranta ta zo gwada riga, sai wayar ta yi ƙara. Karatun Mai ɗinki bai wuce haɗa baƙi ba, don haka ta miƙa mata ta duba. Malamar ta karanta, ta yi murmushi, ta ce barka, jami'a ce ke sanar da ke 'yarki ta ci jarrabawar aji huɗu.

"Allura na hannuna," in ji Mai ɗinki. "Ban san na soke yatsa ba sai da na ga jini a rigar mutane."

Ba ta rufe baki ba wani mutum ya shigo da tabarau da jakar takardu a hammata. Ƙanenta ne, kawun marigayiya, kuma kowa Kawu yake ce masa. Shi ne mai boko a danginsu, duk wata takarda hannunsa take bi. Ya ba Sufeto haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce tun rasuwar nan yayarsa ba daidai take ba, har hira take yi da hoto. Shi da kansa ya kai wa jami'a takardar shaidar mutuwa, wannan tsohon saƙo ne na'ura ta maimaito. Ya ma samo takardar likita, ranar Alhamis za a kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali ta huta.

"Yaya, tashi mu tafi, kin tara mana mutane."

"A aji nawa ta rasu?" in ji Sufeto.

"Biyu, Yallaɓai."

"To ashe tsohon saƙo ya iya ƙara aji da kansa."

Kawu ya gyara tabarau. Sufeto ya lura da abu biyu. Mutumin bai nemi ganin saƙon ba ko sau ɗaya. Kuma a cewar matar, jiya da yamma ta gaya wa Kawu zancen saƙon, yau da safe har takardar likita ta samu. Ya karɓi hoton Kurciya da lambarta ta ɗaliba, ya ce ba asibitin da za a kai kowa sai ya gama. A ransa ya san in Alhamis ta yi ba shi da hujja, maganar mai tabarau za a ɗauka.

Ofishin rajista na jami'a yana ƙarshen wani dogon baranda, ɗalibai sun yi layi a gaban taga mai ƙarfe. Mai Rajista ƙaton mutum ne da tarin makullai a ƙugu. Da ya ji abin da ya kawo Sufeto sai ya ce ai yau babu sabis.

"Ba komai," in ji Sufeto, ya ja kujera. "Ni ma yau ba ni da wurin zuwa."

Minti biyar ba a yi ba sabis ya dawo. Mai Rajista ya buga lambar, shafin ɗalibar ya buɗe. Suna na Kurciya ne, ranar haihuwa tata ce. Amma sashen kasuwanci aka rubuta, hoton kuma wata yarinya ce mai zagayayyar fuska cikin riga shuɗiya mai fararen ɗigo.

Sufeto ya ɗora hoton hannunsa kusa da allon. Mai Rajista ya ce 'yan matan yanzu ba a gane su, kwalliya ce.

"Na san hoda na rufe tabo. Ban san tana canja hanci ba. Takardar shaidar mutuwa fa?"

"Ba a taɓa kawo mana ba. Yarinya na nan da ranta, tana shiga aji."

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga alhali fanka na kansa. Sufeto ya sa aka buga masa shafin a takarda. Kawu ya ce ya kawo, wannan ya ce ba a kawo ba. Ɗaya na ƙarya, ko kuma duka biyun.

Sufeto ya sauka ƙasa wurin da manyan na'urori suke, ɗaki mai sanyi kamar cikin firji. Wata mata ce ke kula da su, Injiniya ake ce mata. Ya gaya mata gaskiya shi da kwamfuta gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ta yi masa bayani kamar tana yi wa kakanta.

Ta ce shafin nan ba ya mantuwa, duk wanda ya taɓa shi sai ya rubuta rana da sa'a. Ta duba. Kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar aka canja hoto, aka kuma mayar da ɗalibar wani sashe inda ba wanda ya san fuskarta. Daga kwamfutar Mai Rajista aka yi, da kalmar sirrinsa. Sai dai shi kaɗai ba zai iya ba. Kafin irin wannan canji, na'ura na tura lamba shida zuwa layin wayar ɗaliba, sai an shigar da su. Layin kuwa har yau na Kurciya ne, da shi ake shiga kowane zango.

"To me ya sa uwar ba ta ji komai ba sai yanzu?"

"Wannan zangon muka fara tura wa iyaye sakamako. Akwai wani gurbi a can ƙarshen shafi da ɗalibi ke cikewa ranar farko: wa za a nema in wani abu ya same ka. Ba mai buɗe wurin. Lambar mahaifiyarta ta sa."

Ta kai hannu za ta tura lambobin yanzu a ga abin da zai faru. Sufeto ya ce ta dakata, ba yau ba.

Washegari ya je gidan Mai ɗinki. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, keke a bakin taga, riguna rataye a igiya. Ya tambayi wayar Kurciya. Ta ciro ta daga aljihun keken a naɗe cikin hankici. Ta ce ba wanda ya taɓa ta. Can ta tuna: bayan an watse zaman makoki Kawu ya karɓe ta tare da katin makaranta da takardar shaidar mutuwa, ya ce jami'a na bukata. Bayan kwana biyu ya dawo da wayar kaɗai.

Sufeto ya ari allura ya zaro mazaunin sim ɗin wayar. Babu komai a ciki.

Sai ya miƙa mata takardar da aka buga masa. Ta daɗe tana kallon hoton. Ta kife takardar a cinya.

"Ban san ta ba."

Wannan ce ƙarya ta uku a kwana biyu, kuma daga bakin wadda ta kawo ƙara. Ya bi ɗakin da kallo. A kan gado akwai matashin kai da aka haɗa da guntayen yadi kala-kala. Ya tambaye ta, ta ce duk rigar da ta taɓa ɗinka wa Kurciya sai ta ajiye ƙyallenta, su ne ta haɗa. A tsakiyarsa akwai shuɗi mai fararen ɗigo.

Ya ɗauko matashin ya ajiye kusa da takardar.

"Iya, ranar Alhamis za a rufe ki a ɗaki a ce hankalinki ya taɓu. Wa kika ba rigar nan?"

Ta rufe fuska da mayafi. Da ƙyar ta ce 'yar Kawu ce. Tare suka tashi da Kurciya, a kwano ɗaya suka ci, a bayanta ta goya su duka. Sau uku yarinyar ta nemi jami'a ba ta samu ba. Uban ya ce ta sami aiki a wani gari, shi ya sa shekara biyu ba ta leƙo gidan nan ba.

"Ni na ɗauka fushi take da ni," in ji ta. "Ashe kunya ce."

Ranar Laraba da azahar Sufeto ya tara su a ɗakin Injiniya: Mai ɗinki, Kawu da jakarsa, Mai Rajista, Sajan a bakin ƙofa. An aika aji a kira ɗalibar. Da ta shigo, Sufeto ya karanta sunan da ke kan takarda da ƙarfi.

"Na'am," in ji yarinyar.

Sai ta ga gwaggonta. Littattafan hannunta suka zube, ta durƙushe a wurin. Mai ɗinki ta rufe ido.

Mai Rajista ya yi rantsuwa wani ne ya saci kalmar sirrinsa. Kawu kuwa ya miƙe yana nuna 'yarsa da yatsa. Ya ce shi ma yanzu yake gani, ta ce masa aiki take yi, ashe ta ci amanarsa ta ci amanar gwaggonta. Sim ɗin ma ita ta zare da ya ajiye wayar a gida. Yarinyar ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Baba."

"Ke nan layin marigayiya yana hannunta," in ji Sufeto.

"Ina kuma zai kasance?"

Sufeto ya karɓi wayar yarinyar ya ajiye a kan tebur inda kowa ke gani. Ya juya ga Injiniya ya ce yanzu ta tura.

Ta danna. Wayar da ke kan tebur ba ta motsa ba. Ƙarar ta fito daga aljihun gaban rigar Kawu.

"Saƙon talla ne," in ji shi.

"Karanta mana tallar."

Bai karanta ba. Sajan ya zaro wayar ya karanto lamba shida, Injiniya ta shigar, shafin ya buɗe. Da aka zazzage jakar, takardar shaidar mutuwar Kurciya ta faɗo daga bayan takardar likita, a ninke huɗu, ba ko hatimin karɓa na jami'a a kanta.

Mai Rajista ne ya fara sallamawa. Ya ce Kawu abokinsa ne tun makaranta, ya zo masa da kuka, shi taimako ya yi. Kawu ya zauna ya cire tabarau.

"Kujera ce ba mai zama a kai," in ji shi. "Taki ta tafi, tawa na zaune a gida tana kuka. Wa na cuta? Na riƙe layin ne don in riƙa ganin sakamako da kaina. Saura wata uku ta gama, Yaya. Wata uku kawai za ki yi a asibitin, in fito da ke."

"Da ka roƙe ni keken nan in sayar ta sake jarrabawa, da na ba ka," in ji Mai ɗinki. "Sunanta kaɗai ya rage mini. Shi ka ɗauka, ka ce kuma ni ce mahaukaciya."

Yarinyar ta rarrafo ta riƙe ƙafarta tana cewa Gwaggo ki yafe mini, kullum aka kira sunan sai na ji kamar in mutu. Mai ɗinki ba ta janye ƙafar ba, ba ta kuma dafa ta ba. Sufeto ya ce yarinyar ma za ta biyo su ta rubuta bayani.

Sajan ya sa wa maza biyun ankwa. Injiniya ta karɓi takardar shaidar mutuwa ta warware ta, ta ce sai hukumar jami'a ta zauna kafin a rufe shafin, amma tsohon hoto yana nan, na'ura ba ta yar da shi ba. Ta danna, fuskar Kurciya ta cika allon, da ɗan tabonta a gira.

Mai ɗinki ta matso da kujera. Ta tambaya ko jarrabawar da 'yarta ta rubuta da hannunta kafin ta kwanta tana ciki, don ba wanda ya taɓa gaya mata yadda ta yi. Injiniya ta gangara ƙasan shafin ta duba. Darasi bakwai ne, ta cinye duka, a biyu ma ita ce ta ɗaya a ajin.

A bakin ƙofa Kawu ya tirje ya waiwayo.

"Yaya."

Ba ta juyo ba. Sufeto ya ɗaga wa Sajan kai, aka fita da Kawu. Sufeto na jawo ƙofa ya ji Mai ɗinki tana ce wa Injiniya, "'Yar nan, sake karanta mini. A hankali, ɗaya bayan ɗaya."