Bindigogi Huɗu na Maƙerar Zibrim

Ranar Laraba da hantsi, cikin daminar 1961, waya ta iske Sufeto Osman a Salaga. An harbe wani manomin doya a bayan garin Yendi kan rikicin gona, an kama wanda ya yi harbin, kuma bindigar ba adaka ba ce irin ta mafarauta. Ta soja ce.

Zai shiga mota ke nan Fuseina, wadda labarin ya riga ya kai gare ta, ta sha gabansa. Mijinta Zibrim maƙeri ne. Wata bakwai da suka wuce Osman ya kama shi da laifin ɓoye bindigogin soja huɗu don sayarwa, kotu ta ɗaure shi shekara biyar. Zibrim ya ɗaukaka ƙara, ran Litinin za a saurara a Tamale.

"Sufeto, mijina na kurkuku, bindiga na kashe mutane a Yendi. Daga can yake sayar da ita?"

"Kauce, baiwar Allah. Da idona na gan su ƙarƙashin gawayin maƙerarsa."

"Ka gan su. Ka ga wanda ya ajiye?"

Ya buga ƙofar mota, suka ɗauki hanya.

A Yendi aka ɗora masa bindigar a tebur. Ya juya ta. A ƙasan ƙotar akwai tsaga uku, waɗanda shi da kansa ya yi da wuƙar aljihu ranar da ya kama Zibrim. Wannan bindiga, a ƙa'ida, tana kulle a ɗakin kayan shaida a Salaga.

Ya juya ga mai kisan. "Ina ka samo ta?"

"Gado na ci, ranka ya daɗe."

"Gadon uban wa? Wata bakwai da suka wuce tana hannuna!" Ya daki tebur har kwalbar tawada ta kife.

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Aruna ne ya sayar min. Mai fataucin shanu, a Bawku."

Washegari da la'asar Osman da mutanensa suka tarar da Aruna a kasuwar shanu ta Bawku yana taya wani bijimi. Osman ya yi masa zancen bindigar.

"Ni? Yallaɓai, shanu kawai na sani. Ko ƙarar bindiga ba na so."

Osman ya sa aka zazzage rumbun dawarsa. Can ƙasa aka zaro bindiga biyu, kowace da tsaga uku, an naɗe su da bargon 'yan sanda. Ya karanta lambar da ke gefen bargon, ya sake karantawa. Ya san ta sarai.

"Aruna, ko ka faɗa nan, ko ka faɗa gaban alƙalin da zai yi shari'ar kisa."

"Sajanku ne, wallahi. Cikin buhunan doya yake aiko min."

Da suka koma Salaga, Osman ya zarce ɗakin shaida.

Saja Sidiku ne ke riƙe da makullin ɗakin shaida, shi ne kuma ya kawo rahoton Zibrim tun farko. Ya ƙame ya sara.

"Buɗe akwatin Zibrim."

"Yallaɓai, ai an tura su Tamale saboda ƙarar."

"Ba ni takardar."

Babu takarda. Osman ya fizge makullin ya buɗe. Bindiga ɗaya ce a ciki, sai ƙotar fartanya uku da aka naɗe da tsumma. Ya jefa masa bargon a fuska.

"Lambar wa ke nan?"

Sidiku ya dubi bargon. "Tawa ce. Bindigogin ma tun asali nawa ne. Na kai wa Zibrim ya goge lambobinsu, ya ƙi, ya ce zai faɗa maka. Sai na tusa su cikin gawayinsa, na riga shi zuwa wurinka."

"Ka sa na rantse da Alƙur'ani a kotu kan ƙarya! Ka sa na ɗaure mai gaskiya, ga gawa a Yendi!"

Ya kama igiyoyin muƙamin saja da ke hannun rigar Sidiku ya ɓalle su da ƙarfi, ya sa masa ankwa da kansa. Kurata biyu suka tasa shi gaba, mutanen unguwar zango sun cika bakin ofis suna tofar da yawu.

Fuseina na tsaye a cikinsu. Osman ya cire hula.

"Ran Litinin zan tsaya gaban alƙali in ce shaidar da na bayar kuskure ce."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka ɗaga murya, Sufeto. Mijina ya daina ji da kunne ɗaya a kurkuku."