Yadin Mahaifiyar Injiniya

Yau kwana shida ke nan da yadin nan ya shigo gidana, kuma tun ranar ban ci abinci ya zauna mini ba. Na sa shi a durowa, na ciro, na tura bayan kujera, na sake cirowa. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Autata ce aka sa wa rana da wani mai gyaran janareta, muna ce masa Injiniya. Shekara biyu yarinyar nan tana fama. Tana zaune lafiya sai ƙirji ya hau bugu, tafin hannu ya jiƙe, ta ce numfashi ya ƙi shiga. Sau uku aka auna zuciyarta, aka ce ƙalau take. Daga baya aka tura mu wurin wata likita da ba ta allura, sai zama da magana. Ita ta ce ciwon fargaba ne, jiki ke ihun haɗari alhali babu haɗarin. Duk Talata Auta na zuwa. Ta koya mata jan numfashi da ƙirge, da rubuta abin da take tsoro, wani satin su duba ko ya faru. Yarinyar da ba ta iya shiga motar haya, yanzu ita kaɗai ke zuwa kasuwa.

To, ranar wata Talata mahaifiyar Injiniya ta leƙo mu.

"Ina amaryar tamu?"

Bakina ya riga hankalina, na ce ta tafi koyon ɗinki. Tsoro na ji kada a ce 'yata na da taɓin hankali, a fasa. Bayan kwana biyu sai ga yadi, wai a ɗinka mata riga ta ga hannun surukarta! Auta kuwa ko zare ba ta iya zura wa allura ba.

Jiya na same ta a kicin tana wanke kofuna.

"Ke, zan kai wa tela a ɓoye. Ke kuma ki dakata da zuwa wurin likitar nan har a ɗaura aure."

Kofi ya suɓuce mata. "Umma, in daina terafi, jinyar tawa? In koma yadda nake da?"

"Wata biyu ne fa kawai!"

"Bayan an ɗaura kuma fa? Duk rigar dangin miji ke za ki riƙa kai wa tela?" Hawaye suka zubo mata. "Ciwo ne, Umma. Ba sata na yi ba."

Muna cikin haka Injiniya ya yi sallama, hannu duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya dubi idonta, ya dube ni. Na fara kame-kame, Auta ta faɗa masa komai. Sai yaron nan ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Mama, ai da haɗa wayar lantarki kika ce tana koyo, da na rufa miki asiri. Ɗinki kam ya fi ƙarfina."

"Wai dama ka san inda take zuwa?"

"Tun kafin in turo iyayena ta gaya mini. Ni nake jiranta a bencin waje, shi ya sa shagona a rufe yake duk Talata da hantsi."

Na zauna a kan bokiti. Ƙirjina ya hau bugu irin nata. Auta ta riƙe hannuna.

"Ja a hankali, Umma. Ɗaya — biyu — uku — huɗu. Saki."

Wallahi ya lafa. Wai 'yar da na haifa ke koya mini numfashi!

Injiniya ya ce zai iya faɗa wa mahaifiyarsa a ranar, amma maganar daga bakina ta fito, ba zai kunyata ni ba. Zai jira. Ko ta ɗaga murya, shi dai ba zai fasa ba.

Nan na gane yaran nan sun fi ni. Ita ta yi haƙuri da jinyarta, ta faɗi gaskiya tun farko, Allah ya ba ta mai zaman jiranta. Ni da ke neman kare ta, ni na jawo mata abin kuka. Iyaye 'yan'uwana, kada kunyar mutane ta sa mu raba yaro da maganinsa.

Auta za ta ci gaba da zuwa, wannan na yarda. Amma mahaifiyar Injiniya ta bugo ɗazu, jibi za ta zo gwada riga, kuma tana da faɗa. In riga ta zuwa gidanta ni kaɗai, ko in jira ta zo mu zauna har da yaran? Kuma da wace kalma zan fara? Don Allah ku ba ni shawara.