Ƙwan da ke Tankin Al-Shifa

Gab da magariba Mamane ya sauka cikin tankin ƙasa na wani gida a unguwar Al-Shifa da ke Riyadh. Wankin tankunan ruwa ne aikinsa, shi da Mukhtari, mutumin Zinder. An riga an zuƙe ruwan, goge bango ya rage.

"Yalla, yi sauri," in ji Mukhtari daga sama. "Bari in yi alwala in dawo."

Wari ne ya fara tsayar da Mamane. Ƙarnin ɗanyen kifi. Ya haska tocila a kusurwa.

Tsuntsu ne kwance, fari fat, baki ja, jela doguwa siririya. Mamane ya san shi, don shekara uku ya yi a jirgin masunta a Jizan, can bakin teku. Irinsa a sararin teku yake rayuwa, ba ya sauka ƙasa sai zai yi ƙwai, guda ɗaya tak, cikin kogon dutse. Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, da ƙirji yake jan jiki. To me ya kawo shi Riyadh, tsakiyar hamada, ƙarƙashin murfin ƙarfe?

Tsuntsun ya ja jiki gefe. Ga ƙwan.

Mamane bai san lokacin da ya ɗauka ba. Da ɗuminsa. Wani abu ya ƙwanƙwasa daga ciki, sau uku.

Garam! Murfin ya rufe.

Ya haye tsani, ya tura da kafaɗa. Ko motsi. Ya ƙwala wa Mukhtari kira, muryarsa ta dawo masa. Ya haska ƙasa. Ruwa ne ke tasowa, yana kaɗawa, yana dukan bango. Ya kai masa ƙugu. Ya kai ƙirji. Ya ji gishiri a leɓensa.

Tocilar ta mutu.

"Na wa ka ɗauka?"

Muryar mace ce, daidai kunnensa.

Addu'a ta ƙi kama bakinsa.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," ya raɗa. Ya buɗe tafinsa cikin ruwan.

Yatsu suka karɓa. Dogaye, masu sanyi.

Murfin ya ɗaga. Mukhtari ya fizgo shi da wuyan riga yana salati. Suka leƙa tare. Tanki a bushe, babu tsuntsu. Tufafin Mamane kuwa sharkaf.

Washegari ya roƙi kafilinsa, wato uban gidansa, ya mayar da shi sharar titi. Hannunsa na dama da ya ɗauki ƙwan har yau ba ya dunƙulewa. Likita ya duba bai ga komai ba. Da hagu Mamane ke riƙe tsintsiya, kuma duk sanda matarsa ta kira daga Maradi ta ce yaya aiki, sai ya ce mata lafiya lau.