Rigar da Ke Cikin Jan Bokiti

Auta yarinya ce mai rawar kai, ga son kwaikwayo. Mamarta nas ce a asibiti.

Da wata cuta mai yaɗuwa ta ɓarke a gari, Mama ta kafa doka. In ta dawo aiki, ba mai taɓa ta. Sai ta jefa farar rigarta a jan bokiti mai murfi, ta yi wanka, sannan a yi oyoyo.

"Kowa ya yi nesa da bokitin nan," in ji ta.

Ana nan, sai Malama ta zaɓi Auta ta fito a nas a wasan makaranta. Murna ba a magana! Amma ina aka taɓa nas ba riga?

Ran nan Mama na wanka, Auta ta lallaɓa ta buɗe bokitin. Ta zura rigar, tana jan ƙasa.

"Kaka, kawo hannu in yi miki allura!"

"Tsaya daga nan, likitar zamani!" in ji Kaka, tana ja da baya.

Mama ta fito, ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Auta!"

"Ai fara ce tas, Mama. Ba datti."

"Ƙwayar cuta ba a ganin ta da ido, 'yata. Da rigar nan na yini cikin marasa lafiya."

Ta yi mata wanka da sabulu. "Ba makaranta sai mun ga lafiyarki. Kuma ba kwana a ɗakin Kaka."

Auta ta sha kuka. Kullum Mama na auna zafin jikinta. Kullum ita kuma tambayarta ɗaya: "An ba wata wasana?"

Allah ya kiyaye, ko atishawa ba ta yi ba. Da ta koma, Malama ta ce, "Wurinki na nan, nas."

Kaka ta ɗinka mata riga da tsohon farin zanen gado.

Ranar wasa aka sha tafi. Kaka ta buɗe hannu za ta rungume ta.

"Dakata, Kaka!" in ji Auta. "Sai na cire riga na wanke hannu."

Mama ta yi dariya har da hawaye.

Auta ta gane cewa ba kowane fari ne mai tsabta ba. Dokar ma'aikatan lafiya don kare mu aka yi ta, kuma rigakafi ya fi magani.