Ranar da Nei Karalaini Ta Shiga Teku

Vasemaca na tsaye cikin ruwa iya gwiwa tana jiran ta cafke igiyar kwale-kwalen baƙi, sai ta hango wanda ke zaune a gaba ya rungume bokiti, jiri ya gama galabaitar da shi. Ko cikin taron kasuwa ba za ta kasa gane Ilaitia ba, balle duk wanda ya taɓa zuwa tsibirin Kadavu babu wanda teku ke wulaƙantawa kamarsa.

"Me ya kawo ka?" ta ce ƙasa-ƙasa tana ɗaure igiyar. "Ba mun gama magana ba?"

"Ke kika gama, Vase... Ni ban ko fara ba. Kuma ba ni ne baƙonki ba, rakiya na yi."

Ya nuna bayansa da haɓa. Wata dattijuwa ce ƙaƙƙarfa, ta ci ado da doguwar riga mai furanni, ta dafe ƙaton kwandon gwaza kamar za a ƙwace mata. Ta ƙare wa Vase kallo tun daga gashi har zuwa inda ruwa ya rufe ƙafafunta.

"Ke ce kika ce ba kya son ɗana?"

Vase ta dubi Ilaitia, ta dubi dattijuwar. Nan take ta gane Nei Karalaini ce, mahaifiyar Ilaitia, wadda ta taso tun daga duwatsun Naitasiri. Nei kuwa kiran girmamawa ne a yarensu, kamar a ce goggo.

Bara ne Ilaitia ya zo ya kafa musu wutar hasken rana a masaukin baƙin da suke da shi a bakin teku. Aikin mako guda ne, amma ya yi ta gano wayoyin da suke buƙatar gyara har wata ya kusa cika. Da ya tafi sai waya ta ɗauka, safe da yamma. Ranar da ya ce mata danginsa za su kawo tabua, haƙorin kifin nan da ake neman aure da shi, Vase ta yi kuka ta ce masa kada su zo. Mace gidan miji take bi, ita kuwa ba ta da inda za ta. Mahaifiyarta ta rasu, yayanta yana aikin soja a ƙasar waje, mahaifinta Peniasi kuma tun da kunnensa ya fashe likita ya hana shi nutso. 'Yan bukkokin nan na bakin gaɓa su ne abincinsu, kuma baƙi ba don bukka suke zuwa ba. Suna zuwa ne don a nan mutum zai goya tulun iskarsa, ya taka daga ƙofar ɗaki ya shiga ruwa, ya tarar da murjani, duwatsun nan masu rai da launi na ƙarƙashin teku, ba sai ya hau jirgi ba. Idan Vase ta tafi, wa zai shiga da su?

Ba ta taɓa gaya wa mahaifinta maganar Ilaitia ba. Shi ya sa ta yi mamaki da ta ga ya fito da fara'arsa yana yi wa baƙin maraba kamar ya san da zuwansu. Ya karɓi saiwar yaƙona, wadda ake jiƙawa a sha, da suka kawo ta gaisuwa, ya tafa hannu, ya ce gida nasu ne. Da ta harare shi sai ya ɗauke kai, ya shiga yabon gwazar.

Vase ce ta kai Nei Karalaini bukkarta. Ta nuna mata gidan sauro, da randar ruwan sama na sha, da bahon da ke bakin ƙofa na wanke yashin ƙafa. Ta ce kada ta bar abinci a buɗe saboda tururuwa, kada kuma ta zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa idan iska ta taso. Dattijuwar na jin ta. Sai da Vase ta juya za ta fita ta tsayar da ita.

"Yaron nan ya daina cin abinci. Na tambaye shi wace ce ta fi shi a wurinki, ya ce teku. To, na zo in ga tekun. Gobe ki shiga da ni."

"Nei, kin taɓa ninƙaya?"

"A kogi na girma. Wanda ya ƙetare Wainimala da damina ba wannan kwantaccen ruwan naku zai ba shi tsoro ba."

Washegari da hantsi suka fara. Vase ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyin da take yi wa kowane baƙo, ko tana da hawan jini, ko ciwon ƙirji, ko mura. Nei Karalaini ta ce ita ciwonta ɗaya ne, ga shi can zaune a kan kututture yana ramewa. Ilaitia ya sunkuyar da kai, Peniasi ya yi dariya har da tari.

Ranar farko ba a taɓa tulu ba. Gilashin fuska da bututun numfashi kawai aka ba ta, a wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba. Vase ta sa ta jira sai da ruwa ya cika, don idan ya janye mutum kan murjani zai taka, ya yanke ƙafa ya kuma kashe abin da ya zo gani. Ta ba ta takalmin roba saboda ƙayar ruwa, ta ce faffaɗan takalmin ninƙaya kuwa sai an shiga ruwa ake sa shi, in ba haka ba mutum ya kife a kan yashi. Da aka zo batun tofa yawu a gilashi don kada ya yi hazo, dattijuwar ta ce ita tun da take ba ta taɓa tofa wa fuskarta yawu ba, kuma ba yau za ta fara ba. Bayan ta leƙa ruwa ta ga dishi-dishi, ta juya musu baya ta tofa.

Kwana biyu suna haka. Vase na koya mata, ita kuma da yamma sai ta shiga madafi ta karɓe tukunya, ta ce ganyen gwazarsu na bakin teku bai san hannu ba. Ranar Lahadi aka rataye kaya aka tafi coci, su biyun suka zauna benci ɗaya suna raba littafin waƙa. Duk wannan Vase na guje wa Ilaitia. Sai ranar Litinin ya tare ta a wurin ɗauraye kayan nutso.

"Kin rame," ya ce.

"Dubi mai faɗa."

"Vase, ban kawo ta don ta matsa miki ba. Ita ta ɗaure kaya ta ce in biyo ta. Amma tun da na gan ki a bakin ruwan nan na san ƙarya nake yi wa kaina... Ba zan iya mantawa da ke ba, masoyiyata."

Ta ci gaba da murza rigar ruwan da ta riga ta fita tas. Hawaye na ɗiga cikin bahon.

"Kai ne autanta, Ila. Kai kake noma mata. Ni ma mahaifina, Tata, ni kaɗai yake da ita a kusa. Wanne za mu bari a cikinsu?"

Ya karɓi rigar daga hannunta ya shanya.

Washegari teku ta kwanta luf, Vase ta ce lokaci ya yi. Ta goya wa Nei Karalaini tulu a cikin ruwa inda nauyinsa ba zai dame ta ba. Ta maimaita mata abin da ba a wasa da shi: kada ta riƙe numfashi ko sau ɗaya, ta toshe hanci ta hura a hankali tun kafin kunne ya fara zafi, kada ta taɓa komai, idan kuma za su hau sama su hau sannu. Ta ce za su fara tafiya suna fuskantar jan ruwa, don idan sun gaji ya dawo da su gida da kansa.

"Idan kuma na tsorata fa?" in ji dattijuwar.

"Ki matse hannuna. Ba zan sake ki ba, Nei."

Suka bi hanyar yashin da ta ratsa tsakanin murjani, suka nutse a hankali. Ba su yi zurfi ba, tsayin mutum biyu ne ko ƙasa da haka. Da farko hannun Nei Karalaini kamar zai karya na Vase. Sai garken ƙananan kifaye ruwan lemo ya taso daga murjanin ya kewaye su, riƙon ya fara sassautawa. Murjani mai laushi, ja da shunayya, yana rangaji kamar ciyawa a iska. Can wani kunkurun teku tsoho ya ɗago daga kiwonsa, ya dube su, ya wuce ta gabansu ba ko gaggawa. Vase ta waiga. Ta cikin gilashi ta ga idanun dattijuwar ba kunkurun suke kallo ba, ita suke kallo.

Da suka fito, Nei Karalaini ta zube a kan yashi ta cire gilashin. Maza biyun suka rugo suna tambayar lafiya. Ta ɗaga musu hannu.

"A ƙasa yarinyar nan tafiya take kamar wadda aka ɗora wa kaya," ta ce. "A can ciki kuwa na ga fuskarta ta gaskiya. Peniasi, in na kai ta dutse na kashe ta."

Peniasi ya zauna kusa da 'yarsa. Ya ce shi ya amsa wayar matar nan, shi ya ce ta zo. Tun ranar da Vase ta daina waƙa a madafi ya san akwai abin da take ɓoye masa.

"Kin zaci zan ji daɗin cin abincin da kika sayo da farin cikinki? Na gwammace in rufe bukkokin nan in koma kamun kifi."

"Tata, kunnenka..."

"Kunne ne ya mutu, ba ni ba."

Vase ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka. Nei Karalaini ta bar su suka yi mai isarsu, sannan ta ce babu wanda zai rufe komai. Ita tana da 'ya'ya maza a gida da matansu da jikoki har sun hana ta barcin rana. Wannan bawan Allah kuwa ɗiya ɗaya gare shi a kusa. Ta dubi Ilaitia.

"Kai za ka zauna a nan. Yayyenka su yi noman, dama sun daɗe suna fakewa da kai."

"Nana," ya ce, don haka suke kiran uwa, "dangi za su yi magana. Za a ce mace ta janye ni."

"Su zo su same ni. Ai ta janye ka ɗin, ƙarya za su yi?"

Dariya ta ƙwace wa Vase a tsakiyar kuka. Peniasi ya share ido ya ce shi ma yana da sharaɗi. Idan lokacin guguwa ya zo baƙi suka ɗauke ƙafa, yaran su hau dutse su zauna da ita har sai iska ta lafa, kowace shekara. Dattijuwar ta ce ta karɓa, amma shi ma ya biyo su, ya ga yadda gwaza ta gaskiya take.

Ilaitia ya durƙusa a gaban Vase, yashi ya manne masa a gwiwa.

"Yanzu fa? In ce su kawo tabua?"

Ta dubi mahaifinta, ta dubi mahaifiyarsa, ta rufe fuska da tafin hannu.

"Ka ce su zo."

Suka zo kuwa, cike da kwale-kwale biyu, da tabua da tabarmi da ƙyallaye. Wani kawun Ilaitia ya so ya ta da maganar inda amarya za ta zauna, Nei Karalaini ta yi masa kallo ɗaya ya koma kan ƙoƙon yaƙonarsa. Bayan an haƙe doya aka ɗaura aure a cocin ƙauyen. Aka tona rami aka gasa alade da kifi da gwaza a kan duwatsu masu zafi, mutanen dutse da na gaɓa suka yi ta rawa suna tsokanar juna. Baƙin da ke masaukin a makon ma aka ɗaura musu zane aka jawo su fili.

Ranar da dangin ango za su koma, Nei Karalaini ce ta ƙarshen shiga jirgi. Ta rungume ɗanta ta daɗe, ta gyara masa wuyan riga, ta juya da sauri don kada a ga idonta. Vase ta riƙe mata hannu har ta zauna, ta kwance igiyar, amma ta kasa sakinta. Tun rasuwar mahaifiyarta akwai kalmar da ba ta sake kiran kowa da ita ba.

"Allah ya kai ku lafiya... Nana."

Dattijuwar ta yi cak. Ta daka wa mai tuƙi tsawa ya kashe inji.

"Me kika ce? Ƙarar nan ta hana ni ji."

"Na ce Nana."

"To," ta ce tana share fuska da gefen mayafinta, murmushi ya cika ta. "Yanzu na ji, ɗiyata. Saki igiyar."