Zane Ba Tabo Ba Ne

Ranar kasuwar Filinge ta ƙasar Kurfai ce Kailu ya fara ganin Safi, kuma in za a faɗi gaskiya, ƙwaryarta ya fara gani.

Yana zaune a gindin gawo kusa da masu raƙuma, da guntun gawayi a hannu da takardar lekwal, wato makarantar boko, a cinya, sai idonsa ya faɗa kan wata ƙwarya da aka kife bisa tabarma. An ƙona mata ado da ƙarfe mai zafi: zabi a jere, ta ƙarshensu ta waiwayo kamar an kira ta. Ya tashi ya je ya tsuguna, ya daɗe yana kallo.

"Saye za ka yi, ko gaisuwa ka zo yi mata?" in ji mai ƙwaryar.

Ya ɗago. Yarinya ce doguwa mai wushirya, zanen gidansu ya tashi daga gefen bakinta ya nufi kunne, irin wanda shi ma yake ɗauke da shi.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni na yi. Mi ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace. Waccan ta bayan, mi take kallo?"

Ba a taɓa yi wa Safi wannan tambaya ba. Ta ce, "Ɗiyarta ta makara."

Tun daga ranar take ce masa Mai Gawayi, shi kuma yana ce mata Gwana.

Kailu ya tashi da son zane tun bai san sunansa ba. Ya zana a yashi iska ta share, ya zana a bangon rumbun gero ya sha bulala. Babu wanda ya ɗauki abin da daraja sai malamin lekwal da ake kira Mushe Issa, wanda ya yi ta aika zanensa gaba har aka ba shi gurbi a wata makarantar zane a Dakar.

Kafin tafiya ya tura manyansa wurin Baushe, mahaifin Safi, manomi mai ƙarancin magana. Baushe ya sa aka kira yaron da kansa.

"Kailu, ban ƙi ka don hali ba. Amma gawayi ba shi cika rumbu. Kuma na ga waɗanda suka tafi bakin teku. Sukan dawo da takalma, su bar kunyarsu can."

"Baba, ni zan dawo yadda na tafi."

"Kowa haka ya ce. Ga Sahabi yana nemanta, yana da raƙuma, kuma ina ganinsa kullum. Amma zan dakata har kaka ta zagayo. In ta wuce, kada ka ga laifina."

Da safiyar tafiyarsa Safi ta zo bakin kamyon, babbar motar da ke zuwa Yamai, da ƙullin ƙuli-ƙuli a gefen mayafi. Ba ta yi kuka ba.

"Mai Gawayi, can akwai matan da suka fi ni kyau."

"Akwai, Gwana. Sai dai ba su san abin da zabuwa ke waiwaye ba."

Ta kusa yin dariya. Kamyon ya tashi.

Wasiƙunsa ta hannun Mushe Issa suke zuwa, shi ke karanta mata a ƙofar gida, idonsa a kan takarda don kada ta ji kunya. Ta farko ta ce:

"Gwanata, na ga teku. Ba shi da ƙarshe, kuma ba a shan shi. A nan mutum yana wuni yana zane babu mai dukansa. Ina koyon inuwa da haske. Zan aiko miki da fuskarki, ki ga abin da na koya."

Ta sa aka rubuta masa:

"Mai Gawayi, an yi shuka. Ka ci abinci. Kada ka yi mini babban hanci."

Hoton ya iso lokacin da gero ya fara kunno kai, a naɗe cikin kwali. Baushe ya ce a buɗe a zaurensa, aka kuwa yi rashin sa'a Sahabi ya zo gaisuwa. Da Mushe Issa ya warware takardar, kowa ya matso ya duba.

Mace ce kyakkyawa, an zana ta da gwanintar da ba a taɓa gani a garin ba. Amma kumatunta sumul suke, babu zane ko ɗaya.

Sahabi ya yi dariya. "Baushe, wagga ai ba ɗiyar Kurfai ba ta. Surukinka ya aiko muku amaryarshi ta Dakar ku sa albarka."

Safi ta leƙo daga bayan asabari. Ta ga wushiryarta, ta ga yadda take ɗaura kallabi ya karkata hagu. Da ma wata ce, da abin ya zo mata da sauƙi.

"Ni ce, Baba," ta faɗa a hankali.

"Ke ce? To ina zanenki?"

Ta karɓi takardar ta shiga ciki, ta hura wuta, ta sa ƙarfenta na aikin ƙwarya har ya yi ja. Ta ja shi daga gefen bakin hoton zuwa kunne, dama da hagu. Takarda ba ƙwarya ba ce, ƙarfen ya huda ta har haske na wucewa. Ta mayar wa Mushe Issa, ta ce ya haɗa da wannan:

"Kailu, ga yadda nake. In waccan kake so, ka neme ta can."

Wannan ne karo na farko da ta kira shi da sunansa.

Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gero ya nuna, aka fara yanka. Dangin Sahabi suka sa ranar kawo goro, Safi kuma ta daina zuwa kasuwa.

Ana cikin ɗaurin dammuna Kailu ya sauka daga kamyon Yamai, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura da zaman hanya. Ya baro makaranta ana tsakar karatu, bai san ko za a sake karɓarsa ba. Bai ko je gida ba, ya nufi rijiyar da Safi ke ɗiban ruwa.

"Gwana."

Ta ci gaba da jan guga. "Wa kake nema? Mai sumul ɗin ba ta nan."

"Ki saurare ni, ko da kora ce za ta biyo baya. Na zana ki daidai da farko. Malaminmu, wani Nasara, ya duba ya ce hannuna ya yi kyau, amma in cire tabon nan, yana ɓata fuska. 'Yan aji suka yi dariya, suna kallon kumatuna. Sai na goge. Na ce a raina gyara na yi miki."

Safi ta aje gugar.

"Tabo ya ce? Tabo shi ne wanda ƙaya ta yi maka, ko wuta, ba da son kowa ba. Wannan kuwa uwata ta rungume ni aka yi mini shi, tana kuka ina kuka, don in na ɓace a san gidan da za a mayar da ni. Ita ta rasu, Kailu. Abin da ta bar mini ke nan a jiki, kai kuma ka sa hannu ka goge."

Ya durƙusa a laka a bakin rijiyar, mata na kallo.

"Na yi kuskure. Ba ni da wata magana."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Tashi, kana ɓata wando. Ni na ji. Saura Baba."

Baushe ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Sai ya gyara zama bisa buzunsa.

"An ce ka koyi aiki. Zana ni. Nan, yanzu, gaban mutane."

Kailu ya ciro gawayi. Ya zana goshin da rana ta ƙone, da idon hagu da ya fara shanyewa, da zanen kumatu da tsufa ya nutsar cikin tamoji. Bai rage komai ba, bai ƙawata komai ba. Ya miƙa da hannu biyu.

Baushe ya riƙe takardar nesa, ya matso da ita kusa. Leɓensa ya motsa. Mutanen zaure suka ga abin da ba su taɓa gani ba, hawaye a fuskar Baushe.

"Wanga ba ni ba ne," in ji shi. "Wanga ubana ne. Haka yake, wallahi, shekarar da ya bar mu. Ashe na zama shi ban sani ba."

Ya share ido da hannun riga, ya dubi ƙanensa da ke zaune a zauren.

"A je a ba Sahabi haƙuri. A ce na gode, goronshi ya tsaya."

An ɗaura auren bayan an gama cika rumbuna. Mushe Issa ya roƙi makarantar, suka yarda Kailu ya koma, Safi kuma ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ta naɗe ƙarafanta cikin kayan aure, ta ce ko a bakin teku ai ana shan fura.

Ranar tafiya Baushe ya rako su har bakin mota, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ɗora hannu a kan ɗiyarsa, ya ɗora ɗaya a kan Kailu.

"Ku tafi. Allah shi tsare ku a garin da ba a san ku ba, shi ba ku zuri'a mai albarka, shi maido mini ku ina da sauran gani."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Safi ta hau, ta matsa ta ba mijinta wuri.