Awarwaron Inna Tabawa

Da safiyar ranar ƙaddamarwa, awarwaron da ke hannun Injiniya Balaraba Sallau ya yi ɗumi kaɗan, butar shayi ta kunna kanta. Ba ta taɓa komai ba, ba ta ce uffan ba. Niyyar shan shayi kawai ta yi. Kafin ta gama ɗaura ɗankwali, mota marar direba ta tsaya a gindin bene.

Sunan na'urar Cika-Niyya, kuma ita ta ƙera ta. Awarwaron yana sauraron jijiyoyin hannu, yana tantance sha'awar da ke wucewa daga niyyar da ta zauna a zuciya, sai ya umarci ƙofofi da motoci da asibitocin birnin Tudun Rana su yi abin da ya dace. A samfurin farko akwai ɗan jinkiri da ake kira tazarar fasawa: idan mutum ya sake shawara, na'urar ta dakata. Balaraba ta cire wannan tazara, kuma hujjarta a fili take. Mutane suna niyyar ganin likita su fasa, suna niyyar zuwa biko su fasa, suna niyyar neman gafara su fasa. A unguwar da aka yi gwaji, masu ciwon zuciya sun riƙa isa asibiti da ƙafarsu, ba a kwance ba. Yau majalisar birni za ta yanke hukuncin ko a ɗaura wa kowa.

Akwai dalilin da ba ta faɗa wa majalisa ba. Ita 'yar fari ce, mahaifiyarta Inna Tabawa kuwa tana riƙe da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "yarinyar nan". Ba ta halarci bikin digirinta ba, ba ta taɓa taka gidanta ba. Gidan Inna yana cikin unguwar gwajin, kuma Balaraba da hannunta ta ɗaura mata awarwaron, ta haɗa shi da kujerar tafiya da tsohuwar ke zama a kai saboda ciwon gwiwa.

"Ranki ya daɗe, ƙofar nan ta ci bashinki ne?" in ji Barau, abokin aikinta, a bayan dandamalin zauren majalisa. "Tun ɗazu ita kike kallo."

"Duba wayoyinka, ka bar ni."

Ta hau ta yi bayani a natse. Ta ce rabin abin da ɗan Adam ya rasa a duniya, ya rasa shi ne tsakanin niyya da aiki, kuma yau an cike wannan rami. Tana cikin magana ƙofar zauren ta buɗe.

Kujerar Inna Tabawa ta shigo a hankali, ta bi tsakiyar jama'a har gaban dandamali. Inna tana sanye da zanen zaman gida, babu mayafi, ga farantin waken da take tsincewa a kan cinyarta. A tsakar gida take lokacin da rediyo ya ambaci taron. Kujerar ta fitar da ita, mota ta ɗauko ta.

Shugaban majalisa ya tambayi ko wace ce, Barau ya gaya masa. Ya miƙe tsaye. "Jama'a, ga shaida! Uwa ta yi niyyar ganin 'yarta, ga ta nan." Zauren ya ɗauki tafi.

Balaraba ta sauko ta durƙusa. Zuciyarta ta cika fal.

"Inna, kin zo."

Inna ba ta dube ta ba. Barau ta duba. "Kai, gaya wa yarinyar nan kawo ni aka yi."

"Ai na'urar ba ta ƙarya, Inna," in ji Balaraba ƙasa-ƙasa. "Sai da kika yi niyya."

"Tambaye ta, yau na fara?" Har yanzu da Barau take magana. "Ranar da aka ba ta takardar makaranta na yi niyya. Ranar da ta tare na yi. Babu safiyar da ban ɗauko mayafi na mayar da shi ba. Wannan mayarwar tawa ce, ba wanda ya tilasta mini. Da ita nake ɗaga kai a cikin mata. Yau ga ni gaban maza da farantin wake."

"Inna, don in sani ne kawai..."

"To, ta sani."

Kujerar ta juya da kanta, domin Inna ta yi niyyar gida. Masu tafi ba su ji komai ba. Majalisa ta amince baki ɗaya.

Kafin damina ta kewayo, babu ƙofar da ke buɗewa a Tudun Rana sai da awarwaro, don haka Inna ma ba ta cire nata ba. An sa wa wani titi sunan Balaraba. Asibitoci sun yaba, alƙalan sulhu sun yaba, ita ma ta san ta cancanci yabon. Ta sa aka mayar da teburinta kusa da tagar da ke kallon bakin hanya. Lissafinta mai sauƙi ne: wadda take yin niyya kowace safiya, mota za ta kawo ta kowace safiya.

Mota ba ta zo ba.

Daga baya ta tura Barau ya duba ko awarwaron ya lalace. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, babu zolaya a fuskarsa.

"Lafiyarsa ƙalau. Yana kunna mata murhu, yana kai ta asibiti."

"To me ya hana?"

"Maƙwabta sun ce da zarar an ambace ki, sai ta ɗauki carbi ta riƙa ja da ƙarfi, har tunanin ya wuce. Sun ce da farko tana shan wahala. Yanzu ta iya."

Balaraba ta dubi titin da ke ɗauke da sunanta. Motoci na ta wucewa, kowacce tana kai wani inda ya yi niyya. Awarwaronta ya fara ɗumi, ta yi sauri ta mayar da hankalinta kan aikin da ke gabanta.